Motar Kwatano da Muryar Rediyo

A zamanin da, idan attajiri zai sayi doki a kara, dillali ne ke tsayawa tsakani. An san gidansa, an san ubansa, in aibi ya bayyana bayan ciniki, ƙofarsa za a buga. Yau abin hawa ya zama mota, wani kaso na aikin dillali kuma ya koma cikin akwatin rediyo.

Asalin al'amarin shi ne, tun 1975 aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna, har ma'aikaci kan sayi sabuwa da rancen gwamnati. Da darajar naira ta karye daga 1986, sai sabuwa ta gagari jama'a, aka koma ga waɗanda Turawa suka hau suka gaji da su. Akan lodo su a jirgin ruwa daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano, sa'an nan a koro su ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, su shigo ta Illela ko Jibiya. Dalili ke nan da ake ce musu 'yan Kwatano. Ko da yake gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu daga farkon 2017, sunan bai bar bakin mutane ba.

Rediyo kuwa, kamar na Kaduna da aka kafa a 1962, duk na hukuma ne, har dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa izini. Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, wasu suka biyo baya. Irin waɗannan gidaje da kuɗin talla suke rayuwa, saboda haka mai sayar da motoci yakan sayi 'yan mintoci, mai sanarwa ya yabi hajarsa da muryar nan da ya karanta labarai da sanarwar rasuwa da ita.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai sauraro ya amince da muryar, alhali mai muryar bai taɓa leƙa injin ba. Talbijin ma fenti yake nunawa yana ƙyalli. Ba ya nuna cewa an mayar da lissafin tafiyar motar baya, ko ambaliya ta taɓa shanye ta a Amurka, ko takardun kwastan na jabu ne, sai ranar da aka tare ta a hanya aka ƙwace, jarin bawan Allah ya bi ruwa.

Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma fa hukuncin nan a wuyan mai sayarwa yake, gidan rediyo kuwa ya karɓi nasa tuni. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa, in sun ji talla, sukan tafi da bakaniken da suka sani, su kai takardu ofishin kwastan a duba, kuma ba su ƙirga kuɗi sai an rubuta sharaɗin mayarwa a gaban shaidu biyu.