Uwar Majami'unmu a Sakkwato

'Yan'uwa manoma na Illela, ƙaramar majami'arku tana da uwa, wato majami'ar Iyali Mai Tsarki da ke Sakkwato. A 1953, zamanin Turawa, Roma ta damƙa aikin wannan yanki ga limaman Dominikan daga Amurka. A 1964 ya zama dayosis, Edward Lawton kuwa shi ne bishop na fari.

Ba girman gini ke mai da majami'a katidiral ba. Kujerar bishop ce, wadda ake kafawa kusa da bagade, daga sunanta kuma kalmar ta fito. A 2022 masu tarzoma sun farfasa tagogin ginin. Ku tuna da ita ranar baikon girbi.