Kaka ta zo da kayan wasa kyauta: a ware wa yara damin kara guda

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba, hidimomi biyu ne ke haɗuwa a kan magidanci a ƙasarmu ta Nijar: ga girbi a gona, ga kuma komawar yara lakwal a watan Oktoba. Ana neman kuɗin ƴan ƙwadago da na amalanke, ana neman na kaye da alli da takalma. A irin wannan hali, uban da ƙaramin ɗansa ya riƙe masa riga a kasuwa yana kukan motar roba ba shi da wata amsa sai haƙuri. Idan ma ya daure ya saya, sau da yawa motar ba ta yin mako guda ƙafarta ta ɓalle, a jefar da ita a bola.

Abin da muke son tunatar da mai karatu shi ne, babu lokacin da Allah ya wadata yaro da kayan wasa kamar kaka. Karan gero da na dawa, toton masara, ɓawon gyaɗa, kaba, sakaina, yumɓun bakin tabkin da ya fara janyewa, duk ga su nan ba a biyan ko dala. Da su iyayenmu suka yi wasa, da su muka yi. Sai dai yau abin yana neman kuɓucewa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Dalili na farko, kara ya zama kuɗi. A da akan bar shi a gona, dabbobi su ci, yara su ɗiba. Yanzu da an gama girbi ake yanke shi a ɗaure, a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki don abincin dabbobi a rani, ko a kai kasuwa, wani kuma a yi danni ko a hura wuta da shi. Dalili na biyu, yayyen da ya kamata su koya wa ƙanne sun koma kan wayar salula. Ƙira da kara kuwa ba a littafi take ba, daga hannu take zuwa hannu. Idan ɗan shekara 12 bai iya ba, ɗan shekara 5 ba shi da wurin koyo.

Wani zai ce ai wasa ne kawai, me ya yi zafi? Amma likitoci ba haka suke kallonsa ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla awa 3 a yini yana motsa jiki, kuma mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a gaban tele ko waya, wanda bai kai shekara 2 ba kuwa kada a zaunar da shi gabansu. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta sanya wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. A 2024 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ta shafi kowane gida.

To me ake iya yi da abin da kaka ta kawo? Mu fara da kara. Idan aka ɓare karan dawa busasshe, ana samun abu biyu: ɓawo mai ƙarfi da ake tsagawa siri-siri, da totuwa mai laushi da ke ciki. Totuwar ita ce mahaɗi, tsinken ɓawon kuma shi ne ƙusa. A yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a riƙa soka tsinken a cikinta, sai ga gado, ga kujera, ga keji, ga tabarau. Mota kuwa ana yi mata ƙafafu da sakaina da aka goge a dutse ta zama da'ira, ko da murfin kwalba, a sa dogon kara a matsayin sitiyari. Babba ne zai riƙe wuƙa ya yi yanka, ƙaramin ya yi suka da haɗawa. Yaron da ya gane cewa motarsa tana karkata domin ƙafa ɗaya ta fi sauran girma ya fara awo ke nan tun bai shiga aji ba.

Toton masara shi ne ya fi sauƙi ga ƴan mata ƙanana. A ɗaura masa ƙyallen da aka roƙo wurin tela, a yi masa gashi da zare ko gemun masarar, a ɗiga idanu da gawayi, an samu ƴar tsana. Daga nan yarinya za ta goya ta, ta yi mata ɗaki da kara, ta girka mata tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir da aka daddale bakinsa. Ɓawon gyaɗa kuma ana huda shi a shirya a zare ya zama sarƙa, ko a jera shi a ƙasa ya zama garken shanu, yaro na ƙirgawa ɗaya, biyu, uku.

Sai yumɓu. Inda akwai tabki ko gulbi kusa, babba ya ɗebo, kada a aiki yaro bakin ruwa. A kwaɓa shi da ɗan yashi ko ƙaiƙayi don kada ya tsage, a bar yara su mulmula saniya da raƙumi da tukunya, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Launi ma ba sai an saya ba: gawayi na ba da baƙi, toka ko farar ƙasa na ba da fari, ruwan zoɓo da karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, na ba da ja. Ƙaro da aka jiƙa a ruwa ya isa manne ganye da iri a kan tsohon kwali. Da dare, idan kaka ko inna za ta yi tatsuniya, sai a kawo Gizo da Ƙoƙi na yumɓu su zauna a gaba.

Kaba ita ma tana da nata. Ɗan shekara 5 ko 6 yana iya koyon kitsa zare uku, daga nan ya yi zobe, ya yi ƙaramin mafici. Kada mu manta cewa tabarmin Madawa da tukwanen Mirriya da ake alfahari da su hannuwa ne suke yin su, kuma hannuwan nan tun suna ƙanana suka saba da kaba da yumɓu. Haka nan a Damagaram, al'adar wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati da kayan da aka ƙera da kara, ta nuna cewa abin da muke rainawa yana iya tara gari guda.

Akwai kuma wasannin da ba sa buƙatar komai sai fili, kuma gonar da aka girbe ko dandali a farin wata fili ne. Langa tana ƙarfafa ƙafa, carafke da tsakuwa tana koyar da saurin hannu da ƙidaya, gaɗa tana haɗa waƙa da motsi. Dara, mai gurbi 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, ta fi dacewa da waɗanda suka ɗan tasa, amma ƙananan su ne masu tono gurabu da karyo tsinke, kuma da kallo suke koyo.

Sai dai masu iya magana sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, don haka kada a bar ƙaramin yaro ya ɓare da kansa. Tarin kara maɓoyar kunama ce da maciji, a kakkaɓe shi tukuna a fili. Wake, gujiya da ƴaƴan tsamiya kada a ba wanda bai kai shekara 3 ba, domin yana iya haɗiyewa ya shaƙe ko ya cusa a hanci ko kunne. Idan hakan ta faru a nufi gidan likita, kada a sa tsinke ana tono. Ƴaƴan idon zakara, da na zurman, da na cin-da-zugu suna da kyaun gani amma guba ne, a raba yara da su. Haka gwangwani ko buhun maganin ƙwari, da irin da aka zuba wa magani, ba kayan wasa ba ne ko an wanke. Sannan a nisanta wasan kara daga murhu, domin busasshen kara da iskar hunturu ba sa jiran a ɗebo ruwa.

Mazauna Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram waɗanda ba su da gona ba su da uzuri su ma. Ana sayar da kara a unguwanni don masu kiwo, masu gasa masara suna zubar da toto, tela na share ƙyalle kullum, ƴan uwa kuma na zuwa daga ƙauye da tsarabar kaka. Makarantun rainon yara da aka fi sani da jardan, da na allo, da ƙananan azuzuwan lakwal, suna iya roƙon kowane yaro ya zo da kara biyar, a gayyato wani dattijo ko dattijuwa daga unguwa su nuna yadda ake yi. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi ko taimakon wata ƙungiya daga waje.

Kiranmu ga magidanta shi ne, a bana idan ana ɗaure kara, a cire dami guda a ce wannan na yara ne, kuma a samu ko rabin awa bayan la'asar a zauna tare da su. Dabbobi ba za su rame don dami ɗaya ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya raya mana zuri'a.