Kuskuren nuna saurin malissafi a shirin tada na'ura

A nan muna amfani da «malissafi» a madadin processeur, da «shirin tadawa» a madadin chargeur d'amorçage, wato shirin da ke fara aiki in an kunna na'ura, irin U-Boot. Shi ke rubuta saurin malissafi bisa allo.

Wannan sauri ba auna shi ake ba, lissafa shi ake. Mu ɗauki misali: kwarts mai bugu 24 000 000 a daƙiƙa, a ninka sau 200, a raba gida 4; amsa ita ce 1200 MHz. To amma ninkin yana ba da 4 800 000 000, alhali gurbi mai bit 32 ba ya ɗaukar fiye da 4 294 967 295. Sai lambar ta kewayo ta dawo 505 032 704, allo ya nuna 126 MHz.

Ke nan malissafi lafiyarsa lau, aibin yana cikin lissafi. Gyara iri biyu ne: a raba kafin a ninka, in rabon ba ya barin saura, ko a koma ga gurbi mai bit 64. Gyaran wajibi ne, domin in da wannan lamba aka ƙayyade lokutan jira, za su gajarce kusan sau 10.