Sauraren Ƙarfe da Taimakon Kwamfuta

A ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani jirgin sama ƙirar Boeing 737 yana tafe a sararin tsibiran Hawai na Amurka, sai wani babban ɓangare na rufinsa ya yaye. Ma'aikaciyar jirgin guda ta rasa ranta. Bincike ya nuna cewa ƙananan tsaga ne suka daɗe suna ci a gefen ƙusoshin da suka haɗa jikin jirgin, har suka haɗe da juna.

To, yaya za a gane irin wannan lahani tun bai yi nisa ba? Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa. Idan amonta ya fita garau, lafiyarta lau. Idan ya dishe, akwai tsaga. Abin da injiniyoyi ke yi ke nan, sai dai yatsansu da kunnensu wani ɗan faifai ne mai faɗin kwabo.

Asalin hikimar kuwa, a 1880 wasu 'yan'uwa Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da ke fitar da lantarki idan an matsa su. Bayan shekara guda suka tabbatar da akasin haka, wato idan an ba dutsen lantarki sai ya miƙe ko ya tsuke. Wannan ɗabi'a ita ake kira fiyezo, ko lantarkin matsi, kuma ita ke ba da tartsatsi a ƙyastun gas da ake dannawa. A yau akan yi faifan da wani tangaran mai ɗauke da dalma, mai suna PZT. Akan manna faifai da dama a jikin ƙarfe. Ɗaya ya tura girgiza, sauran su saurara. Idan girgizar ta ci karo da tsaga, sai ta raunana ko ta dawo baya.

A nan kwamfuta ke shigowa, domin ba wanda zai fasa fiffiken jirgi sau ɗari don ya ji amon kowace irin tsaga. Sai a zana fiffiken da faifansa a kwamfuta, a yayyanka zanen zuwa dubban gutsattsari, a lissafa yadda kowane gutsure ke tura maƙwabcinsa. Gutsattsarin faifan sun fi wuyar sha'ani, saboda dole a lissafa motsinsu da lantarkinsu a lokaci guda. Allik da Hughes ne suka tsara hanyar yin haka a 1970. Daga nan injiniya ya sa tsagar gwaji inda ya ga dama, ya sake mata tsawo, ya kaurar da faifan, har ya san inda ya fi dacewa a manna su.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka aiki ya ƙare. Zafin rana kaɗai yana sauya saurin girgiza a cikin ƙarfe, haka ma gam ɗin da ya riƙe faifai idan ya saki, kuma duka biyun suna iya yin kama da tsaga. Lissafin da bai kula da su ba zai sa a tsayar da lafiyayyen jirgi, ko kuma, wanda ya fi muni, a sallami mai lahani. Saboda haka ba a amincewa da lissafin sai an manna faifai a jikin ƙarfe na gaske a ɗakin gwaji, an ga sakamakon ya yi daidai da na kwamfuta.