Metamfetamin da Mai Juna Biyu: Cutar da Ke Jiran Shekarun Makaranta

Gabatarwa

Metamfetamin ƙwaya ce mai tayar da jijiyoyin jiki, wadda wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Japan, Nagai Nagayoshi, ya fara haɗawa a shekarar 1893. A Nijeriya hukumar NDLEA ta fara gano masana'antar sarrafa ta a Legas cikin 2011, kuma a kudu maso gabashin ƙasar ana kiranta mkpuru mmiri. Illarta ga mai juna biyu tana da wuyar ganewa, domin sau da yawa jariri kan zo duniya da cikakkiyar sura, sai bayan shekaru alamun su bayyana.

Yadda take aiki a jiki

Idan ƙwayar ta shiga jini, takan sa ƙwaƙwalwa ta kwararo da sinadarin dofamin fiye da kima, barci da sha'awar abinci su gushe. Haka kuma takan tsuke jijiyoyin jini, ta jawo hawan jini. Shi kuwa ɗan tayi ta hanyar mabiyiya da cibiya yake samun abinci da iskar oksijin. Idan jijiyoyin suka tsuke, sai rabonsa ya ragu. Bugu da ƙari, ƙwayar kanta tana ratsa mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwarsa daidai lokacin da take ginuwa. Wannan kan janyo haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi, ko ɓallewar mabiyiya kafin naƙuda, wadda ke haddasa zubar jini mai haɗari.

Abin da bincike ya nuna

A birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, likitoci sun bi diddigin yara 65 da aka haifa a 1976 da 1977, waɗanda iyayensu mata suka sha amfetamin, 'yar'uwar wannan ƙwaya, suna da ciki. Da yaran suka kai shekara 14, an tarar sun kasance a bayan tsararrakinsu a lissafi da harshe da wasannin motsa jiki.

A Amurka kuma, binciken IDEAL da aka fara a 2002 ƙarƙashin jagorancin Barry Lester na Jami'ar Brown ya bi yara 412, kusan rabinsu sun haɗu da metamfetamin tun suna ciki. Rahoton 2006 ya nuna cewa yiwuwar a haife su da ƙarancin nauyi bisa watanninsu ta ninka ta sauran yara sau uku da rabi. Rahoton 2012 kuwa ya nuna suna da saurin firgita da damuwa a shekara 3 da 5, sannan a shekara 5 rashin natsuwa da kasa mai da hankali suka bayyana.

Makomar uwa

Ita ma uwar ba ta tsira ba. Daɗewa ana shan ƙwayar kan raunana naman zuciya, ya lalata haƙora, ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko taɓin hankali. Ƙwayar tana shiga ruwan nono, ga shi kuma uwar da jaraba ta kama ba ta iya reno yadda ya kamata.

Kammalawa

Masu binciken sun lura cewa talauci da tashin hankali a gida, tare da shan taba da barasa, suna ƙara tsananta halin yaran, alhali kyakkyawan reno yana sassauta shi. Saboda haka macen da ta daina sha da wuri, ta riƙa zuwa awon ciki, ta taimaki kanta da ɗanta. Tsangwama kuwa ba ta haifar da komai sai gudun asibiti. Malamin da ya ga ɗalibi ya kasa zama wuri ɗaya, ya dace ya bincika dalili kafin ya ɗauki bulala, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.