Masu Koyar da Ƙwallo da Suka Zaɓi Kwanciyar Rai a Kan Suna

A cikin watan Mayu na 1998 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Real Madrid ta ci Kofin Zakarun Turai, bayan shekara 32 tana nemansa. Ba a yi mako biyu ba ta sallami Jupp Heynckes, mai koyar da 'yan wasan da ya kawo mata kofin. Haka ta yi wa Vicente del Bosque a 2003, da Fabio Capello a 2007, alhali kuwa kowannensu ya ci gasar ƙasar Sifen a shekarar da aka kore shi. Chelsea ta Ingila ma ta kori Roberto Di Matteo a watan Nuwamba na 2012, wata shida bayan ya ci mata Kofin Turai.

Wannan shi ne halin manyan ƙungiyoyi. Suna ba mutum suna da kuɗi, amma ba su cika ba shi lokaci ba, balle iko a kan aikinsa. Shugabanni ne ke sayen 'yan wasa, shi kuwa mai koyarwa ya ɗauki laifi in an sha kashi. Saboda haka waɗansu gwanaye suka gwammace inda za a sakar musu mara su gina abin da suke so, ko da wurin ba shi da suna.

Ga misalin Marcelo Bielsa, mutumin ƙasar Ajantina. Ya riƙe ƙungiyar ƙasarsu daga 1998 zuwa 2004, ya ci mata lambar zinariya a wasannin Olamfik na 2004, ya kuma kai ƙasar Chile Gasar Kofin Duniya ta 2010. Duk da haka, a watan Yuni na 2018 sai ya karɓi aikin Leeds United, wadda ta faɗo daga rukunin farko na Ingila tun 2004. Ya kama ɗan ƙaramin gida a garin Wetherby, sau da yawa ma da ƙafa yake tafiya filin horo. Ran 28 ga Afrilu, 2019 ta shiga tarihi a wurin mutanen Leeds: a ranar 'yan wasansa suka ci Aston Villa ƙwallo lokacin da wani ɗan Villa ke kwance ya ji ciwo, sai Bielsa ya umarce su su bar Villa ta rama. Hukumar FIFA ta ba shi da ƙungiyar lambar yabo ta wasan gaskiya. A 2020 ya mai da Leeds rukunin farko bayan shekara 16.

Claudio Ranieri na Italiya shi ma haka. Ya koyar a Chelsea da Juventus da Inter, ya kuma ba duniya mamaki da ya ci gasar Ingila da Leicester a 2016. Amma a ƙarshen 2022, yana da shekara 71, ya koma Cagliari, ƙungiyar tsibirin Sardiniya da ke rukuni na biyu a lokacin. Can ne ya fara yin suna tsakanin 1988 da 1991, sa'ad da ya ɗago ta daga rukuni na uku zuwa na farko. Ya sake ɗago ta a 2023, ya kuma tsare ta daga faɗuwa a 2024.

Wanda ya fi kowa daɗewa a wannan tafarki shi ne Guy Roux na Faransa. Ya karɓi Auxerre a 1961, tana ƙungiyar 'yan sa kai a garin da mutanensa ba su kai dubu 40 ba, bai bar ta ba sai 2005, in ban da ɗan hutu sau biyu. Ya kai ta rukunin farko a 1980, ya kafa makarantar horon yara wadda ta fitar da Eric Cantona da Basile Boli. A 1996 ya haɗa gasar ƙasa da Kofin Faransa, kuma ɗan Nijeriya Taribo West na cikin masu tsaron bayansa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma fa kada mai karatu ya zaci wannan hanya ba ta da ƙaya. Leeds ta sallami Bielsa a watan Fabrairu na 2022 da wasa ya ɓaci, ko da yake magoya baya na ƙaunarsa. Ba kuma kyauta ya yi aikin ba, an biya shi albashi mai tsoka. Sa'an nan wanda ya riga ya yi suna ya fi matashi damar zaɓen inda yake so.

Duk da haka, akwai darasi ga matasan da ke shiga wannan sana'a. Kafin mutum ya sa hannu a takardar aiki, ya kamata ya tambayi wa zai zaɓi 'yan wasa, shekara nawa za a ba shi, kuma ko shugabanni za su tsaya masa in an yi rashin nasara sau uku a jere. Amsoshin nan sun fi girman filin wasa muhimmanci ga wanda ke son ya ga yaron da ya koya wa wasa ya zama gwani a hannunsa.