Kitse da Sankarar Nono

A ƙasar Hausa in mace ta yi ƙiba sai a ce ta sami hutu. Amma likitoci sun gano cewa kitse ba ajiya ce kawai ba. Aiki yake yi dare da rana, yana zuba sinadarai cikin jini.

Asalin maganar daga birnin Gilasgo ne, a ƙasar Sikotlan. Cikin 1896 wani likita, George Beatson, ya ba da labarin wata mai sankarar nono wadda ya cire wa ƙwayayen haihuwa, ƙullutun ya motse. Daga baya aka gane dalili. Ƙwayayen nan su ke yin wani sinadari mai suna estirojin, galibin sankarar nono kuwa da shi take girma, kamar shuka da ruwa.

To, in mace ta manyanta, haila ta ɗauke mata, sai ƙwayayen su bar aikin, kitse ya gaje shi. A cikin kitse akwai wani abu da ake kira aromatas, wanda ke juya waɗansu sinadarai su zama estirojin. Watau gwargwadon yawan kitse, gwargwadon estirojin da ke isa nono. Saboda haka ne ake ba tsofaffin mata masu cutar magungunan da ke tsai da aikin aromatas.

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a New York suka gano leptin, wanda kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa. A ɗakin gwaji an ga yana zuga ƙwayoyin sankara su hayayyafa.

Cikin 2016 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon, a Faransa, ta tabbatar da alaƙar ƙiba da sankara iri 13, har da ta nono bayan ɗaukewar haila. Abin mamaki, ga matan da ba su kai wannan shekaru ba, ƙiba ba ta ƙara haɗarin.

Ba kowace mai jiki ke kamuwa ba, siririya ma ba ta tsira ba. Amma rage maiƙo da zaƙi, da yawan tafiya a ƙasa, rigakafi ne mai araha. Wadda kuwa ta ji ƙullutu a nono, ko ba ya zafi, ta hanzarta zuwa asibiti, gama tun ran gini ran zane.